Gwaggo ba ta tashi idan ta yi zafi

Tsofaffin motoci suna da wata cuta da duk wanda ya taso a gidan da ake da irinsu zai shaida ta. Da sassafe murɗa makulli ɗaya ya isa, mota ta tashi lafiya lau. A yi tafiyar awa guda da ita, ko tari ba ta yi. Amma da zarar an tsaya an kashe ta, ko don a yi salla ko don a sha mai, aka dawo bayan minti goma, sai ta ce ba ta san zancen ba. A yi ta murɗa makulli har gumi ya jiƙa direba, shiru. Idan aka haƙura aka ba ta kamar rabin awa, sai ta tashi kamar ba ita ba. Wasu su ce tsufa ne, wasu su ce baki ne ya kama ta, wasu kuma su ce a kai wa ƴan gwangwan a huta.

Ina aji biyu na babbar sakandare wannan cuta ta shigo gidanmu, kuma a kan idona aka gano ta daga farko har ƙarshe. Ina so in ba ku labarin ne, ƴan'uwana ɗalibai, domin a nan na fara ganin abin da ake rubuta mana a allo a darasin Fiziks yana aiki a zahiri, har ya hana a sayar da abin da muke ci da shi.

Motar tamu doguwa ce, mai ɗaukar fasinja a gaba da kaya a baya, kuma ta girme ni nesa ba kusa ba. Gwaggo muke ce mata, saboda ba a yi mata gaggawa, idan kuma ta ce a'a to a'a ɗin ce. Ƴar zamanin da ce, irin shekarun da aka fara harhaɗa Peugeot 504 a Kaduna da Volkswagen Beetle a Legas, wato daga 1975 zuwa gaba. Motocin wancan zamani ba su da kwamfuta. Kabureta ce ke haɗa mai da iska, koyil ke samar da tartsatsin wuta, distiributa kuma ta raba shi ga filogai ɗaya bayan ɗaya. Da Gwaggo Abba yake neman abincinmu. Ranar Lahadi ya kai ƴan kasuwa Dambatta, Juma'a ya yi Wudil, sauran ranaku kuma ya ɗauko buhunan hatsi daga Dawanau zuwa cikin birnin Kano.

Abin ya fara ne da shigowar bazara, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Ranar da ya fi yi wa Abba ciwo a Wudil ne. Ya sauke fasinjan zuwa, nan take ya samu na komawa, har an gama ɗaure kaya, Gwaggo ta ƙi. Yana ji yana gani mutane suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya suna komawa wata motar. Daga nan sai ya daina kashe ta idan ya tsaya, mai yana ta ƙonewa a banza, ribar rana tana fita ta salansa.

Sau uku aka kai ta gyara. Na farko ya ce batir ne, aka sayi sabo. Na biyu ya ce filogai ne, aka canza duka huɗun. Na uku ya ce famfon mai ne, shi ma aka sa sabo. Kowane lokaci motar kwana take yi a gareji, da safe a murɗa makulli ta tashi, kowa ya ce alhamdu lillahi an dace. Kafin la'asar cutar ta dawo. Ba na ganin akwai wanda ya yi niyyar cutar Abba a cikinsu. Dukkansu sun duba motar ne a lokacin da take lafiya, kamar a kai wa likita mai zazzaɓin dare da hantsi, bayan jiki ya yi sanyi.

Kuɗin da Abba ya ware don rajistar jarrabawar NECO ta Yayata da su aka yi ta waɗannan sayayya, har ya rage bai fi rabi ba. Wani dillali ya zo ya taya motar a kuɗin da bai kai na tsohon babur ba. Da dare na ji Umma tana cewa, "Malam, idan ka sayar da ita, da me za mu ci?" Abba ya ce, "Idan na bar ta kuma, ita ce za ta cinye mu." Yaya tana ɗaki da littafi a hannu, amma na san ba karatu take yi ba.

Wani maƙwabcinmu ne ya ce a gwada wani tsohon bakanike da ke da ƴar rumfa a bayan unguwarmu, wanda ya ƙware a motocin kabureta. Yaransa Maigida suke ce masa, mu kuma muka kira shi Baba. Lokacin muna hutun zango na biyu, ni nake bin Abba a matsayin yaron mota, don haka tare muka je. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ko bonet bai buɗe ba. Benci ya nuna mana, ya zauna ya fara tambaya.

"Malam, idan ta ƙi tashi, inji yana juyawa ko ba ya juyawa?"

Abba ya ce, "Ai Baba, ƙin tashi kawai take yi."

"Ƙin tashi iri biyu ne," in ji shi. "Akwai wadda za ka murɗa makulli ka ji ƙas, ko ka ji inji yana jan jiki kamar mai ciwon baya. Akwai kuma wadda inji zai yi ta juyawa da ƙarfinsa amma ba ya kamawa. Wacce ce taka?"

Na ce, "Baba, yana juyawa da ƙarfi, kamar yadda yake yi da safe."

Ya dube ni ya ce, "Ɗan boko, kana da biro?" Na ce ina da shi. Ya ce to mu tafi mu ci gaba da aikinmu na kwana uku, ni kuma duk inda aka tsaya in rubuta abu biyar: tsawon tafiyar da aka yi kafin a kashe mota, mintin da ta yi a kashe, ko inji ya juya, ko an ji warin fetur, da kuma mintin da aka jira kafin ta tashi. Ko sisi bai karɓa ba ranar.

Na ja layuka a bayan littafina kamar yadda muke yi a ɗakin gwaje-gwaje. Bayan kwana uku, abin da ke takardar ya fito sarai. Idan tafiyar ba ta kai minti ashirin ba, Gwaggo tana tashi. Idan an kashe ta aka tayar nan da nan cikin minti ɗaya, sau da yawa tana tashi. Amma idan an yi doguwar tafiya, ta kuma tsaya minti biyar zuwa ashirin, ba ta tashi sai ta cika kusan rabin awa. Inji yana juyawa kullum, kuma babu warin fetur mai ƙarfi.

Kafin in faɗa muku abin da Baba ya yi da wannan takarda, bari mu duba dalilin da ya sa tsayawa ta fi tafiya wahalar da tsohuwar mota. Wani ɓangare na bayanin daga bakin Baba na ji shi, sunaye da lissafin kuma malaminmu na Fiziks ne ya ƙara mini da muka koma makaranta.

Injin fetur irin na mota yana aiki ne da tsarin bugu huɗu, wanda Bajamushe Nikolaus Otto ya fito da shi a 1876: fistin ya zuƙo mai da iska, ya matse su, tartsatsi ya kunna su su tura shi ƙasa, sannan ya fitar da hayaƙi. Don haka abu uku inji ke buƙata kafin ya kama: haɗin mai da iska daidai gwargwado, matsi, da tartsatsi a kan lokaci. Kafin su ukun kuma dole wani abu ya fara juya shi, wato kik, ƙaramin injin lantarkin da ke jan wuta daga batir.

Lokacin da mota ke tafiya, famfon ruwa yana zagaya da ruwa tsakanin inji da lagireto, fanka tana juyawa, iska tana shigowa ta gaba. Da haka zafin ruwan ke tsayawa a tsakanin digiri 80 zuwa 95. Da an kashe mota, duk waɗannan sun tsaya lokaci guda, amma ƙarfen inji da bututun hayaƙi suna nan da zafinsu, babu abin da ke kwashe shi. Sai zafin ya taru a ƙarƙashin bonet, ya ratsa kik da koyil da kabureta da wayoyi. Shi ya sa minti goma bayan tsayawa waɗannan kayan sukan fi zafi a kan lokacin da ake gudu a titi. Ga amsar abin da takardata ta nuna ke nan.

Wannan zafi yana iya kama mota ta wuri uku. Na farko shi ne kik da wayoyinsa. Kik yana jan lantarki mai yawa, amfiya 100 zuwa 200 ko fiye, ta cikin wayoyin jan ƙarfe. Jan ƙarfe kuwa idan ya yi zafi turjiyarsa ga lantarki tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri ɗaya. Ku lissafa da kanku: daga digiri 30 zuwa 100 an hau digiri 70, turjiya ta ƙaru da kusan kashi 28 cikin ɗari. Dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 ta ce idan ƙarfin turi bai canza ba amma turjiya ta ƙaru, lantarkin da ke wucewa raguwa yake yi, a nan da fiye da kashi ɗaya cikin biyar. Sabon kik ba ya jin wannan. Amma tsoho, wanda kan batir ɗinsa ya yi tsatsa, wayar da ke haɗa batir da jikin mota kuma ta saki, wannan ragin ya isa ya durƙusar da shi. Alamarsa ita ce ƙas ɗin nan ko jan jiki, kuma irin wannan motar idan mai giyar hannu ce aka tura ta a giya ta biyu, nan take take tashi.

Na biyu shi ne mai. Fetur haɗi ne na sinadarai da yawa, marasa nauyin cikinsu suna fara tafasa tun daga digiri 30 zuwa 40. A tsohuwar mota famfon mai a jikin inji yake manne. Idan man da ke cikin bututu ya tafasa ya zama tururi, famfon da aka ƙera don tura ruwa sai ya yi ta bugawa a banza, kabureta ta zauna babu mai. Wani lokacin kuma akasin haka ke faruwa: man da ke cikin ɗan kwanon kabureta ya tafasa ya malala cikin inji, ya yi yawa. Inji yana son iska ta ninka mai kusan sau 14.7 a nauyi, idan mai ya rinjaya filogi ya jiƙe, ba ya kamawa. Alamar wannan ita ce warin fetur mai ƙarfi, kuma direbobin da sun san maganinsa: a danne totur har ƙasa, a riƙe shi a nan ba tare da bugawa ba, a murɗa makulli don iska ta shiga da yawa.

Na uku shi ne wuta, kuma a nan koyil yake. Akwai na huɗu da ba a cika samu ba, wato bawul da aka ɗaure ba a bar masa isasshen sarari ba, idan ƙarfe ya miƙe da zafi ya kasa rufewa, matsi ya zube. Irin sararin nan ne da kuke gani a littafi an bari tsakanin ƙarafan titin jirgin ƙasa.

Da Baba ya sa na karanta masa takardar, sai ya ce, "Inji yana juyawa da ƙarfi, to kik da batir sun fita. Babu wari, to da wuya a ce mai ya yi yawa. Saura biyu: ko mai ba ya zuwa, ko wuta ba ta zuwa. Ba zan taɓa ta ba sai ciwon ya tashi a gabana."

Da safe muka je, inji da sanyinsa. Ya zare babbar wayar da ta taso daga koyil zuwa tsakiyar distiributa, ya riƙe ta da filaya mai hannun roba, ya kusantar da bakinta ga ƙarfen inji, ya bar sarari kaɗan ƙasa da santimita ɗaya. Ya ce Abba ya murɗa makulli. Tartsatsi shuɗi ya riƙa tsallakawa yana ƙara tas, tas, tas. Ya ce, "Ɗan boko, kalli launinsa da kyau, ka riƙe a ranka." Ya mayar da waya, muka shiga mota mu uku, muka yi hanyar Dawanau muka dawo, kusan minti arba'in. Abba ya kashe ta a bakin rumfa, Baba ya ce kada a buɗe bonet. Na duba agogo, muka jira minti goma.

Abba ya murɗa makulli. Inji ya juya, ya juya, bai kama ba. Ban taɓa ganin wanda ya yi murna da lalacewar mota ba sai ranar. Baba ya miƙe da sauri kamar yaro, ya ce, "Yawwa, ga ta nan ta zo."

Ya fara ɗora mita a kan batir don ya cire shakka. Batir mai lafiya idan ya cika yana nuna kusan bolt 12.6, kuma lokacin da kik ke juya inji bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen bolt 10 ba. Namu bai faɗi ba. Sai ya cire matatar iska daga kan kabureta, ya sa ni na leƙa ciki, ya ja wayar totur da hannu. Na ga siririn mai ya feso. Ya ce, "Mai yana nan." Ya mayar da matatar ya ɗaure, domin ba a gwada tartsatsi kusa da buɗaɗɗiyar kabureta. Sannan ya sake zare wayar koyil, ya riƙe ta a daidai inda ya riƙe da safe. Babu komai. Sai da ya matso da ita har ta kusa taɓa ƙarfe, sannan wani ɗan tartsatsi ja-ja ya fito da ƙyar, babu ko ƙara.

Ya kai bayan hannunsa kusa da koyil ya janye da sauri. Ya sa yaronsa ya jiƙo tsumma, ya matse shi, ya naɗe jikin koyil ɗin kaɗai, bai bari ruwa ya taɓa kan wayoyin ba. Bayan minti uku Abba ya murɗa makulli, Gwaggo ta tashi. Motar da sai ta yi rabin awa!

Abba ya miƙe zai tafi sayen koyil, Baba ya ce ya zauna. "Sau ɗaya ba shaida ba ce, Malam. Wa ya sani ko dama lokacin tashinta ne ya yi?" Muka sake fita, muka sake dawowa, muka sake jiran minti goma, ta sake ƙi. Wannan karon famfon mai ya naɗe da jiƙaƙƙen tsumma, ya bar koyil da zafinsa. Minti uku, ba ta tashi ba. Sai ya ɗauko wani koyil da ya san lafiyarsa daga cikin akwatinsa, ya haɗa wayoyin a kansa, bai taɓa komai ba bayan wannan. Murɗa ɗaya ta kama. Abin da malaminmu ke nanata mana ke nan a ɗakin gwaje-gwaje, cewa abu ɗaya ake canzawa a bar sauran yadda suke, a kuma maimaita gwaji. Baba bai taɓa zama a aji irin namu ba, amma da wannan ƙa'idar yake aiki shekara da shekaru.

Me ke cikin koyil da zafi ke kashe shi? Naɗin waya biyu ne a kan sandar ƙarfe ɗaya. Na farko mai kauri ne, zagaye ƴan ɗaruruwa. Na biyu siriri ne kamar gashi, zagaye dubbai masu yawa. Lantarkin batir yana bi ta na farko ya haifar da maganaɗisu. Da kontak ɗin da ke cikin distiributa ya buɗe ya yanke wutar, maganaɗisun ya rushe farat ɗaya, wannan rushewar ta haifar da turi mai ƙarfin bolt 20,000 ko fiye a naɗi na biyu. Abin da Michael Faraday ya gano ke nan a Ingila a 1831, kuma da shi taransifomar unguwarku ke aiki. Injin mai silinda huɗu da ke juyawa sau 3,000 a minti yana buƙatar tartsatsi 6,000 a minti, wato 100 a kowace daƙiƙa. Wayoyin nan an shafe su da wani siririn fenti da ke hana wuta tsallakawa daga zagaye zuwa zagaye. Idan fentin ya tsufa ya tsattsage, da sanyi wayoyin suna zaune lafiya, amma da zafi ya sa sun miƙe sai su taɓa juna, wuta ta yi yanke a ciki ba ta fito ba. Da sun huce kowace ta koma wurinta, mota ta tashi.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Baba ya ce, "Koyil ba ya yin irin wannan zafin haka kawai. Idan ba mu san abin da ya dafa shi ba, sabon ma dafuwa zai yi." Ya bi wayar da ke kawo wuta daga makulli da yatsa, a hankali, har ya kai ga wani ɗan farin tangaran mai tsawon yatsa a jikin bangon inji. Ya tsage, kuma wayoyinsa biyu an cire su an murɗe su wuri ɗaya an naɗe da salatif. Wannan tangaran rezista ne. Irin koyil ɗin Gwaggo an ƙera shi ne ya yi aiki da bolt 7 zuwa 9, rezistan ne ke rage masa wuta. Lokacin tayarwa kaɗai ake ba shi cikakkiyar wutar batir don tartsatsi ya yi ƙarfi. Da aka tsallake rezistan, sai koyil ya riƙa shan wajen bolt 14 da altaneta ke bayarwa duk tsawon tafiya. Zafin da lantarki ke haifarwa a waya kuwa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawan lantarkin, ninkin-ba-ninki yake yi, kamar yadda James Joule ya nuna: idan lantarki ya ƙaru da rabi, zafi ya haura ninki biyu.

Nan Abba ya tuna cewa watanni baya mota ta mutu masa da dare a hanya, wani mai gyaran waya na bakin titi ya haɗa wani abu ta tashi. Baba ya ce, "Allah Ya saka masa, ya fitar da ku daga daji. Amma gyaran dare na isa gida ne, da gari ya waye ake komawa a yi na gaskiya." Muka je Ƙofar Ruwa muka sayo koyil da rezista. Kuɗinsu duka biyun bai kai rabin na batir ɗin da aka saya tun farko ba. A mako biyu Abba ya haɗa abin da ya rage, aka biya wa Yaya kuɗin rajista kafin a rufe, ta kuma zana jarrabawarta tare da ƴan ajinsu.

Wataƙila wani ya ce ai motar gidansu ba ta da kabureta, ƴar Kwatano ce mai injekta. Cutar tana nan, kayan ne suka canza. A irin waɗannan motoci akwai wata ƴar na'ura da ke gaya wa kwamfutar mota inda inji yake a juyinsa. Ita ma akwai siririn naɗin waya ko ƙananan kayan lantarki a cikinta, kuma idan ta tsufa takan ɗauke da zafi, kwamfuta ta hana wuta da mai gaba ɗaya. Famfon mansu na lantarki ne, galibi a cikin tanki, idan aka murɗa makulli mataki ɗaya akan ji gunjinsa na kamar daƙiƙa biyu. Rashin jin wannan gunji alama ce. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 suna da wani soket a ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'ura ta karanto lambar matsala. Amma na'urar ma ba ta hana tambayar Baba ta farko: inji yana juyawa ko ba ya juyawa?

Ba ina cewa ku je ku buɗe bonet ɗin motar gida ku fara zare wayoyi ba. Wutar koyil tana girgiza mutum sosai, fanka da fambel suna kama hannu da bakin riga ko mayafi, wasu fankokin lantarki ma suna tashi da kansu bayan an kashe mota. Murfin lagireto kuwa kada wanda ya kuskura ya buɗe shi da zafi, domin ruwan ciki a matse yake, zafinsa yana iya wuce digiri 100, da an buɗe zai yi tsiri ya ƙona fuska. Ba a watsa ruwan sanyi a kan inji mai zafi, ba a kuma riƙe makulli a murɗe fiye da daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar ba tare da an bar kik ya huta ba.

Abin da ke hannunku shi ne biro da takarda, kuma mace da namiji duk suna iya wannan. Idan motar gida, ko babur, ko janareta ya fara wani hali da ke zuwa yana tafiya, ku rubuta yaushe yake yi, bayan me, da wace ƙara, da wane wari, kuma me ke sa ya daina. Ku roƙi manya a kai shi wurin mai gyara a lokacin da ciwon yake kansa, a kuma tambaye shi cikin ladabi wane gwaji ya yi kafin ya ce a sayi sabon abu. Bakanike na ƙwarai ba ya jin haushin wannan tambaya, daɗinta ma yake ji. Wanda kuma yake da gareji kusa da gidansu, ya nemi izinin iyaye ya je ya zauna a gefe a wannan hutun da ke tafe, da littafin Fiziks ɗinsa a hannu. Babin lantarki da na zafi ya fara dubawa.